Injin Juya Katako na Baba Kafinta

"Matsa, Mai faci, ka tsaya mini a ka kamar bashi," in ji Baba Kafinta.

Ya ture ni da gwiwar hannu, ya zura hannu ɗaya ƙarƙashin ɗan injin, ya ɗaga. Injin ya taso daga kan teburi ba gardama. Mai shagon, wanda tun shigowarmu yake ta zuba, ya yi tsit.

"Tsoho mai ciwon ƙirji ya ɗaga shi da hannu ɗaya," in ji Baba. "Wannan ne zai riƙe mini katako yana juyawa? Ai rawa za mu yi ta yi ni da shi."

"Baba, sabo ne fa dal," in ji mai shagon. "Wutar gida yake ci. Kuma shi ne daidai ƙarfinka."

"Ban ce ka leƙa mini aljihu ba."

Ya karɓi sandar da ya ba ni riƙo tun daga gida, wadda ya yanka daidai tsawon ƙafar gadon da yake son yi, ya ɗora ta a kan injin. Sai da ta wuce shi da kusan taki guda. Ya dube ni, na dube shi. Muka matsa wajen babban injin da ke ƙuryar shagon, mai shuɗin fenti, sandar ta zauna masa ɗas. Da aka faɗi kuɗinsa Baba bai ko taya ba. Ya ce wa mai shagon Allah ya ba da kasuwa, muka fito.

Ni gyaran keke nake yi, faci da ɗaure sarƙa da miƙe garen taya, shi ya sa yake ce mini Mai faci. Rumfata tana jikin tasa, bango ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da namu. Shi kuwa kafintan rufi ne, a saman gidajen mutane ya ƙare ƙuruciyarsa. Da ƙirji ya fara kama shi, likita ya ce ya rabu da tsani. Matarsa ta daɗe da rasuwa. Ɗansu guda ne, Auta yake ce masa duk da ba shi da yayye, yana aiki a wani gari mai nisa, ya yi aure can. Duk wata yana turo kuɗin haya da na magani, ba ya fashi, wannan kam a gaishe shi. Zuwa ne dai ya gagara. Yau aiki, gobe hanya, jibi sai an ba da hutu, har shekaru suka taru.

Da labari ya zo cewa matar Auta tana da ciki, sai tsohon nan ya tashi da wata dabara. Gadon jariri zai yi, mai zagayayyun sanduna a jere, irin wanda ake juya katakonsa a inji. Kuma faffaɗa zai yi shi, ya haɗe shi da gam, ba ƙusa ba noti, yadda ba mai iya kwance shi.

"Abin da za a cusa a mota a aika, ba zan yi ba," ya ce da ni. "In na gama sai in ce masa ga kayanka, ba ya aikuwa, ka zo ka ɗauka."

"Baba, ka taɓa juya katako kuwa?"

"Na taɓa leƙen masu yi ta taga, ina saurayi."

"Shi ke nan?"

"Kai da wa ya koya maka faci? Ba ɓarna ka yi ta yi wa mutane ba har ka iya?"

Na ce ya tambayi Auta ya ƙara masa wani abu mana, a sayi na kirki. Ya harare ni. Wai ba zai yi wa mutum kyauta da kuɗin aljihun mutumin ba. Tsaninsa ya sayar, da babban zartonsa, da akwatin kayan rufi, abin da ya samu ya ƙulle a leda. Da ledar nan muke yawo a kasuwa ranar.

Daga shagon sababbi muka gangara layin masu tsofaffin injuna. Can bayan wata masana'antar yankan katako muka same shi, an rufe shi da tsumman tamfol. Baƙin ƙarfe ne zalla, dogo, fentinsa ya tafi, tsatsa ta ci gefensa. Baba ya sa hannu biyu ya gwada ɗagawa, ko gezau. Sai na ga fuskarsa ta washe.

"Yauwa," ya ce. "Ka ga ƙarfe."

Mai injin ya jona shi da wuta ya kunna. Baba ya ciro ƙusa daga aljihu, ya tsayar da ita a kan kanta bisa saman injin yana cikin gudu. Ƙusar nan ba ta ko karkata ba. Haka yake gwada komai, nauyi da tsayuwa, kuma a aikinsa na rufi gwajin bai taɓa ba shi kunya ba. Ya ɗora sandarsa, ta zauna har da saura. Aka yi ciniki, leda ta tafi kaf, kuɗin motar ɗauko shi ma ni na cika. Ya duba haƙoran injin, ya duba bel, ya ma shinshina giris ɗin. Daga ni har shi ba wanda ya tambayi irin wutar da yake ci.

Sai da muka tara ƙarti kafin aka sauke shi a rumfar Baba. Mutanen layi suka fito kallo, maiɗakina ma ta leƙo da ludayi a hannu. Aka jona, Baba ya gyara tsayuwa ya danna. Injin ya yi wani gurnani, fitilar rumfar ta dushe, shi ke nan. Ko motsi bai yi ba.

Mai gyaran wuta ya zo ya buɗe murfin, ya duba, ya kama baki.

"Baba, wannan ai wuta mai layi uku yake ci, irin ta masana'antu. Mu nan layi ɗaya gare mu. Ko shekara za ka yi kana dannawa ba zai tashi ba."

"A can ya tashi."

"A can wutar masu yankan katako aka ja masa."

Ya ce sai dai a canza tukunyar wutar da ke juya shi gaba ɗaya, ya faɗi kuɗin, ya kusa na injin. Na koma wajen mai injin da kaina, na yi magiya, na yi faɗa. Ya ce shi bai yi ƙarya ba, an ce ya kunna ya kunna, kuma kaya in ya fita ya fita. Haushin da na ji ranar, da ƙyar na kawo kaina gida. Rashin sani ya fi dare duhu.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi mini daɗi ba. Da can ina aiki Baba yana tsokanata ta saman bango, sai ya daina. Ya kan fito da safe ya zauna a benci kusa da injin, ya goge shi da tsumma, ya ɗiga masa mai, ya juya shi da hannu, ya sake zama. Tsatsar duk ta fita, ƙarfe ya yi ta ƙyalli a banza. Abincin da maiɗakina take aika masa rabi yake dawowa. Wallahi tausayinsa ya hana ni sakat.

Wata rana da hantsi na kifa wani keke ina gwada sarƙa, na murza feda da hannu, tayar baya tana ta gudu. Sai na ji muryarsa a bayana.

"Mai faci."

"Na'am, Baba."

"Wannan tayar taka, wa take biya kuɗin wuta?"

Na dubi tayar, na dube shi. Na ce, "Baba, kai dai ba ka da dama!"

Akwai wani tsohon keke da mai shi ya bar mini ya ƙi dawowa. Muka cire masa tayar gaba, muka ɗaure shi a kan katako mai kauri, muka ɗaga bayansa sama. Na zare robar tayar baya ya rage gare zalla, muka sa dogon bel daga garen zuwa injin. Bel ya yi ta zamewa, muka yi ta ja muna zagin juna, har ya kama. Na hau sirdi na taka. Da nauyi da farko, kamar hawan tudu da buhu a baya, amma da ƙarfen ya ɗauki gudu sai ya riƙa taimakona. Guntun katakon da Baba ya ɗaura ya fara juyawa, ya juya har kusurwoyinsa suka ɓace wa ido.

Baba ya kai masa cizal, ƙarfen fere katako. Ji kake ƙau! Cizal ya yi sama, katako ya yi tsalle ya bugi kwanon rumfa, kajin maƙwabta suka watse. Na sauko ina salati. Shi kuwa dariya yake yi, dariya har da tari, yana riƙe da ƙirji.

"Hau, hau! Na gane laifina. Soka masa na yi, ashe lallaɓa shi ake yi."

Sandunan farko ba su ganuwa. Wata ciki gare ta kamar mai kumburi, wata ta rame a tsakiya. Maiɗakina ta tokare taga da ɗaya, sauran ta sa a wuta. Amma hannun da ya yi shekaru yana mu'amala da katako ba ya daɗewa bai gane ba. Ya koyi kwantar da cizal, ya koyi wasa shi a kan dutse har ya aske gashin hannu. Ɓawon katako ya fara fita dogo-dogo yana lanƙwashewa, yana zuba masa a kafaɗa da gemu. Da rana in kasuwata ta yi sanyi sai in rufe akwatina in zagayo.

"Taka, Mai faci! Ko abincin ne ba a ba ka ba?"

"Baba, ni fa ba jaki ba ne."

"Jaki ai ba ya surutu."

Ya sayi injin ne don ya yi aikinsa shi kaɗai ba ya roƙon kowa, ga shi ba ya juyuwa sai da mutum biyu. Na faɗa masa haka wata rana. Ya ce hannu ɗaya dama ba ya ɗaukar jinka, shi da ya yi rufi ya fi ni sani, in yi shiru in taka.

Ranar da ya fitar da ƙafar gado ta farko mai kyau, sumul, da 'yan zobba biyu a wuyanta, ya kasa haƙuri. Ya ciro waya ya kira Auta. Bai faɗa masa zancen gado ba, so yake kawai ya ji. Ya yi mini alama in taka, ya kara wayar kusa da injin, yana murmushi kamar yaro. Can ya mai da ita kunne.

"Ka ji kuwa? Ka san mene ne wannan?"

Wayar tana da ƙara, ina jin komai.

"Baba, hayaniya ta yi yawa a wajenka, ba na jin ka sosai. Ina wajen aiki, zan kira ka anjima. Kuɗin maganin ya shigo ko?"

"Ya shigo. Allah ya yi albarka."

Ya mai da wayar aljihu. Na daina takawa, injin ya yi ta ragewa har ya tsaya. Ya daɗe yana shafa ƙafar gadon da babban yatsa.

"Yaron yana da aiki," ya ce. "Miƙo mini samfefa in goge ta."

Gado ya fara tashi a ƙuryar rumfa. Ƙafafu suka tsaya, gefe ɗaya ya cika da sanduna, sai na biyu. Shi kuma Baba yana raguwa. Da, sai na gaji yake barina in sauka. Yanzu shi ke cewa in tsaya, ya dafa injin yana jan numfashi, leɓɓansa sun yi duhu. Ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Na kai shi asibiti a bayan babur ɗin wani, aka ƙara magani, aka ce ya kwanta ya huta. Washegari na same shi a rumfa yana wasa cizal.

"Baba, bari in kira Auta in gaya masa gaskiya."

"Kada ka soma."

"Ɗanka ne fa. Haƙƙinsa ne ya sani."

"In ka ce masa ba ni da lafiya, kuɗi zai ƙaro. Ni na haife shi, na san shi. In kuma ya zo, ya zo duba mara lafiya ke nan, ya zauna yana kallon agogo. Ni so nake ya zo ya ga na yi wani abu." Ya nuna gadon da haɓa. "Gefe ɗaya ya rage. Ka bar ni in kira shi da kaina."

Na yi fushi, na ce taurin kansa ya fi na injin. Ya ce ya ji, in hau.

Ranar ƙarshe da ya tsaya a gaban injin, na taka, katako ya ɗauki gudu, ya kai cizal. Na ga bakin cizal ɗin yana rawa. Ya fere kamar rabin sandar, sai hannun ya saki, cizal ya faɗi ƙasa. Bai sunkuya ya ɗauka ba. Na sauko na riƙe shi, ba nauyi ko kaɗan, na kai shi ɗaki na kwantar. Daga nan bai ƙara fitowa ba.

Ɗakin nasa ba komai a ciki sai gado da kujera ɗaya da akwatin tufafi, sai kwalaben magani a kan taga. Maiɗakina tana shiga tana fita, ni ma haka. Kwana biyu yana kwance yana kallon rufin ɗakin, rufin da shi ya buga da hannunsa. A rana ta uku da safe ya kira ni da ƙyar.

"Mai faci, kira shi."

"In ce masa me?"

"Ka ce ya zo ya ɗauki kayansa."

Na fita waje na kira. Ban yi zancen kaya ba, na ce, "Auta, in kana son ganin mahaifinka da rai, ka taso yanzu." Sai na ji muryarsa ta karye. Ya ce me ya sa ba a faɗa masa ba tuntuni, ya ce ga shi nan, yanzu zai shiga mota. Kuma ya taso ɗin, ban ɗauki alhakinsa ba. Hanyar ce mai tsawo.

Na koma ciki.

"Ya taso?"

"Ya taso, Baba."

Ya lumshe ido, na ga hawaye ya gangara ta gefen kunnensa. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Can ya ce, "Rumfar nan ta yi datti. Je ka share, kada ya zo ya ɓata takalminsa. Ka goge gadon, ka juyo da gefen da ya cika ya kalli ƙofa."

"Bari maiɗakina ta zo ta zauna da kai tukuna."

"Ina zan je? Tafi."

Na ɗauki tsintsiya. Na kwashe dusar katako, na tara ɓawon a buhu, na goge gadon sanda bayan sanda, na juya shi yadda ya ce. Na ɗauki cizal ɗin daga ƙasa na ajiye a kan injin. Na dawo ina cewa, "Baba, in ka ga rumfarka ba za ka gane ta ba." Bai amsa ba. Fuskarsa tana kallon ƙofa, hannunsa ɗaya ya sauko gefen gado. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Bango ɗaya ne tsakaninmu, ina can ina shara, ya tafi ba kowa a kansa. Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi mini zafi.

Auta ya iso mun riga mun dawo daga maƙabarta. Ya fito daga motarsa ya tsaya a ƙofar ɗakin, ya kasa shiga. Dogo ne kamar uban, har tsayuwar iri ɗaya. Ya durƙusa a wurin ya yi kuka, kuka na gaske, ba wanda ya hana shi.

Sai da mutane suka ragu washegari na ja shi rumfa. Ya ga gadon ya tsaya.

"Yaya, wannan fa?" ya tambaye ni.

"Naka ne. Na jaririnku. Shi ya yi."

"Baba? Ai shi rufi yake yi."

Na ba shi labarin tun daga shagon sababbi har wutar da ba ta tashi ba. Yana ji yana bin sandunan da hannu, har ya zagaya ya kai gefen da ba a gama ba, ramukan suna nan a jere ba komai a ciki. Ya nemi inda ake kwancewa bai samu ba. Ya leƙa waje ya dubi motarsa, ya dawo ya dubi gadon.

"Ba zai shiga mota ba," ya ce.

"Da gangan ya yi shi haka. Don kada ka ce a aiko maka."

Ya juya mini baya, kafaɗunsa suna motsi. Na ƙyale shi. Da ya natsu sai ya matsa wajen injin, ya dubi bel ɗin, ya bi shi da ido har zuwa keken.

"Ranar da ya kira ni, na ce hayaniya ta yi yawa... wannan ne?"

"Shi ne."

"Yaya, ka iya? Mu ƙarasa masa gefen nan."

"Ni takawa kawai na iya," na ce. "Riƙon cizal nasa ne."

Ya tattare ƙafar wandonsa mai guga, ya hau sirdin. Ya taka da ƙyar, ya sake takawa, ƙarfen ya ɗauka. Sandar da Baba ya bari a ɗaure ta fara juyawa, rabinta sumul, rabinta da kusurwa. Na tsaya a bakin rumfa, ban matsa ba. Auta ya sunkuyar da kai yana ta takawa, sandar tana ta juyawa, gaban injin kuwa ba kowa.